Ƙashi Ya Haɗe, Ɗingishi Ya Ƙi Tafiya

Wata yarinya 'yar aji uku ce ta fara nuna mini yadda nake tafiya, kuma ba don in gani ta yi ba. An tashi tara, ina ofishin malamai ina makin littattafai, sai na ji shewar yara ta bayan taga. Da na leƙa, ga ta nan ta samo guntun kara ta dogara, tana tafiya tana wurga kafaɗa gefen dama kamar za ta kife, sai ta yi wuf ta jawo ƙafar hagu, ta sake wurgawa. Ƙawayenta na biye da ita suna cewa, "Ku ba Malama hanya! Ku ba Malama hanya!"

Ban kira ta ba, ban dake ta ba. Na koma kujerata na zauna da biro a hannu, har aka kaɗa ƙararrawa ban ƙara makin ko layi ɗaya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yarinyar ta iya. Ban taɓa ganin bayana ba, amma na san ba ƙari ta yi ba.

A lokacin wata tara ke nan da haɗarin. Adaidaita Sahu na hau da safe zan tafi makaranta, a kan titin Zariya wata mota ta kwashe mu ta gefe, ni ce kuwa a bakin dama. Ƙashin cinyata ta dama ya karye a tsakiya. A gida aka yi ta ja-in-ja. Surukata da yayyena suka ce a kai ni wurin mai ɗori, ai shi ya ɗora wa wane da wane, ga su nan suna yawonsu. Maigidana ya kafe sai asibiti, asibitin kuwa aka yi. Aka yi tiyata, aka zura dogon ƙarfe cikin ɓargon ƙashin ta saman ƙugu, aka ɗaure shi da kusoshi sama da ƙasa. Ba zan tsaya ba da labarin jinya ba. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin masu karaya ya san warin wurin da nishin dare, wanda bai taɓa ba kuma Allah kada ya kai shi. Daga gado na koma ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, daga nan sandunan hammata, daga nan sanda ɗaya. Wajen wata na biyar likita ya ɗaga hoton ƙafar a gaban fitila, ya nuna mini inda sabon ƙashi ya naɗe karayar kamar ƙullin rake, ya ce, "Malama, ƙashinki ya haɗe. Ki taka yadda kike so."

Ya rubuta mini takardar zuwa sashen gashin ƙashi. Na je sau biyu. Na ga layi, na lissafa kuɗin mota da na kati, na ce a raina ai tunda ƙashi ya haɗe, sauran lokaci ne zai kawo shi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Lokaci bai kawo komai ba sai ƙarin ciwo. Cinyar ta daina zogi, amma bayana ya fara, can ƙasa ta gefen dama, musamman da la'asar bayan na wuni tsaye gaban allo. Sai kuma gwiwar hagu, wadda ko ƙwarzane ba ta samu a haɗarin ba, ta fara ƙara idan zan tashi. Salla a kujera nake yi. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Ki gode wa Allah, wasu ko tashi ba su yi ba," kuma gaskiya suka faɗa, na gode masa. Surukata kuwa duk sanda na wuce ta gabanta sai ta bi ni da kallo ta ce, "Hm. Ƙarfen Bature." Ni kaina na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ƙafar ta gajarce a wajen tiyata. Har wurin mai gyaran takalma na je ya liƙa mini ɓallin taya a ƙasan takalmin dama.

Mako guda bayan wasan yarinyar nan na tono takardar daga ƙasan akwati na koma.

Wadda aka haɗa ni da ita yarinya ce da ba ta kai ƙanwata ta biyu ba, siririya, ba ta da yawan magana. Na zaci za ta kwantar da ni ta kunna mini fitilar gashi kamar yadda na ga ana yi wa wasu. Sai ta ce in cire takalmi in tafi bakin ƙofa in dawo, ta bi ni a baya da wayarta tana ɗauka. Da ta miƙo mini wayar sai na ga 'yar aji ukun nan ce sak, sai dai ta tsufa ta yi ƙiba. Gani ya kori ji.

Ta kwantar da ni, ta ɗauko tef irin na tela, ta auna daga ƙashin gaban ƙugu zuwa idon sawu, dama da hagu, sau biyu-biyu. Ta ce, "Malama, ƙafafunki tsawonsu ɗaya." Na ce ba zai yiwu ba, ni ce mai ƙafar. Ta juya takalmina ta ga tayar, ta yi murmushi ta ce a ɓamɓare ta yau ɗin nan. Daga nan ta jera sikeli biyu, irin na auna nauyin mutum, ta ce in ɗora ƙafa ɗaya a kan kowanne, in tsaya daidai-wa-daida, in gaya mata idan na ji na raba nauyina biyu. Na gyara tsayuwa, na ce na raba. Ta ce in duba ƙasa. Na hagu yana nuna kilo 46, na dama 26. Na rantse da a kotu aka tambaye ni da na dafa Alƙur'ani na ce daidai nake tsaye.

Sai gwaji na ƙarshe. Ta tsaya a bayana ta ɗora hannuwanta a ƙuguna, ta ce in ɗaga ƙafar hagu in tsaya a kan ta dama kaɗai, kuma kada in karkata kafaɗa. Ina ɗagawa ƙugun hagu ya sulale ƙasa kamar an zare masa tsani. Ta yi mini bayanin cewa akwai wata tsoka a gefen ɗuwawu, sama da mahaɗar cinya, wadda aikinta shi ne riƙe ƙugu a miƙe duk lokacin da mutum yake kan ƙafa ɗaya. Mai tafiya kuwa kusan kullum a kan ƙafa ɗaya yake, bai dai lura ba ne. Ta nan wajen aka bi aka zura ƙarfen, ga kuma watannin kwanciya, sai tsokar ta yi laushi. Jikina kuma da ya ga ba za ta iya ba, sai ya samo dabara: ya riƙa jefa gangar jikin kan ƙafar dama don a rage mata aiki. Wani likitan tiyata Bajamushe, Trendelenburg, shi ya bayyana wannan alama tun 1895, sunansa ne ma na gani ta rubuta a katina. Sandar ma ashe a hannun da bai dace ba nake riƙe ta. Ni a dama nake riƙewa, kusa da ƙafar mai ciwo, don haka hankali ya ba ni. Ta mayar mini da ita hagu, ta ce sanda da ƙafa mai ciwo tare suke fita, amma daga ɓangarori biyu.

Mako shida muka yi muna gina tsokar. In kwanta a gefe in ɗaga ƙafa. In kwanta rigingine in ɗaga ƙugu sama. A ɗaura mini roba a gwiwoyi in yi tafiyar ƙaguwa daga bango zuwa bango. Na yi da gaske, har 'ya'yana suna ƙirga mini. A ƙarshen makonnin nan ina ɗaga ƙafar da jakar yashi a ɗaure, ina tsayawa a kanta ita kaɗai har a ƙirga ashirin ƙugu bai faɗi ba. Na ajiye sanda. Na zo da murnata ta sake ɗaukar bidiyo.

Babu abin da ya canza. Kafaɗar tana nan tana wurguwa, ƙafar hagu tana nan tana gaggawar zuwa ceto.

A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kwaikwaye ni. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malama, ke fa malama ce. Yaron da yake rubuta b a madadin d, hannunsa ne ba ƙarfi?"

Na ce a'a.

"To ko buhun gero yake iya ɗauka, a juye zai ci gaba da rubuta ta, sai an sake koya masa. Ƙarfi mun samu. Saura karatu."

Wannan maganar ita ta juya mini tunani. Yadda na fahimce ta, lokacin da takawa take da zafi, ƙwaƙwalwata ta nemo hanyar da zan tafi ba tare da na daɗe a kan ƙafar dama ba, kuma a lokacin dabara ce mai kyau. Sai na maimaita ta dubban sau kullum, wata da watanni, har ta zama ita ce tafiyar da jikin ya sani. Ciwon ya tafi, ƙashin ya haɗe, amma ba wanda ya je ya sanar da ƙwaƙwalwa an sallame mu. Sabo turken wawa. Mafi ban haushi, ma'aunin da ke cikin jiki, wanda yake gaya wa mutum inda gaɓoɓinsa suke ko da idonsa a rufe, shi ma ya bi karkatar. Abin da ya karkace shi nake ji a miƙe. Ranar da ta kama kafaɗuna ta daidaita ni sosai, ji na yi kamar zan faɗi ta hagu, har na kai hannu neman bango.

Muka koma gaban wani dogon madubi. Ta ce in riƙa zuwa da zani mai layi a kwance, in ɗaura shi yadda layin zai bi ƙuguna, aikina shi ne kada layin ya karkace. Ta rarraba mini takun kamar yadda nake rarraba wa yara kalma gaɓa-gaɓa: dunduniya ta fara sauka, nauyi ya gangara tafin ƙafa, babban yatsa ya tura a ƙarshe. Ta ce a tafiyar mai lafiya kowace ƙafa tana ƙasa kusan kashi 60 cikin 100 na lokacin, tana sama kashi 40, ni kuwa ƙafar damata da ta taɓa ƙasa sai ta nemi gudu kamar ta taka garwashi. Dole in koyi zama a kanta, in bar ta hagu ta yi dogon taku a natse. Gwiwar ma na saba jan ta a sanƙare ina zagayo da ƙafar ta gefe, alhali ya kamata ta lanƙwashe wajen digiri 60 ta wuce ta ƙarƙashina.

Taku goma na farko da na yi daidai, gumi na yi kamar na daka sakwara. Tafiyar hawainiya ce, ina kallon madubi, ina tuna dunduniya, ina tuna gwiwa, ina tuna layin zani, da na kama ɗaya sai ɗaya ya kuɓuce. Na kai ƙara wurin abokin aikina, malamin motsa jiki na makarantarmu, na ce masa abin da jariri ɗan shekara ɗaya yake yi ba lissafi ya gagare ni. Ya yi dariya ya ce ai wannan a littafinsu yake tun suna kwaleji. Wasu masana biyu na Amurka, Fitts da Posner, a 1967 suka kasa koyon kowace irin gwanintar jiki mataki uku. Na farko duk a kai yake, mutum yana tunanin kowane motsi, kuskure ya yi yawa, gajiya ta yi yawa. Na biyu abin ya fara haɗuwa, ana gyaran 'yan kurakurai. Na uku jiki ya karɓa, mutum yana yi yana hira. Ya ce, "Ki tuna ranar da kika fara koyon keken ɗinki, Malama. Yanzu kina taka shi kina faɗa da yara." Ya ƙara da cewa nawa ya fi na jariri wuya, don shi allonsa fari ne, ni kuwa sai na wanke tsohon rubutu.

Da na fara iyawa a gaban madubi, har na fara jin daɗin kallon kaina, sai rannan na zo na tarar likitata ta rufe shi da zanin gado. Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata kuɗi na biya, kuma madubin shi ne maganin. Ta ce ba za ta bi ni kasuwa da madubi ba. Daga ranar sai in yi tafiya sau uku a rufe, sau ɗaya a buɗe, daga baya sai sau ɗaya tak a ƙarshen zama. Ta kuma daina yi mini gyara ina cikin tafiya. Sai na kai bango ta tambaye ni, "Ya kika ji? Nawa za ki ba kanki cikin goma?" In ce takwas, ta ce biyar, ta nuna mini bidiyon. A hankali makina da nata suka fara kusantar juna, kuma wannan ne ya fi faranta mata rai fiye da tafiyar kanta. Na gane abin da take yi, don na sha gani a aji. Yaron da kullum kike kama hannunsa kuna rubutu tare, shafinsa ya fi na kowa kyau, amma ranar jarrabawa ba ya iya komai. Na san wannan shekara goma sha biyar, sai ga shi an yi mini na ji haushi.

Abin da ya fi taimaka mini kuwa ba daga asibiti ya fito ba. Innata ce ta zo mana kwana biyu. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ni kuma ina kai-komo a tsakar gida ina gunguni, "Dunduniya, tafi, yatsa. Dunduniya, tafi, yatsa." Ta kalle ni ta kalle ni, ta ce, "Ke wai tafiyar ma sai da lissafi? Da kina tallar fura wa ya ƙirga miki?"

Ta cire ɗankwalinta ta naɗa gammo, ta ɗebo ruwa a kwanon sha, ta ɗora mini a ka. Ta ce, "Je ki ƙofar ɗaki ki dawo. Kika zubar mini kya gani."

Taku na biyu ruwan ya zubo mini a kafaɗar dama, sanyi har cikin riga. Inna ta ƙara wani. Na uku, na huɗu, duk a dama yake zuba. Can wajen zuwa na bakwai ko na takwas sai na manta da ƙafa gaba ɗaya, hankalina duk yana kan kwanon nan da yadda ruwan yake kaɗawa a ciki. Na kai ƙofar ɗaki na juyo, rigata ba ta ƙara jiƙewa ba. Babbar 'yata da ke tsaye bakin kicin ta ce, "Umma, wallahi ba ki yi ɗingishi ba." Jikina bai manta da tallar da na yi ina 'yar shekara tara ba. Ni ce dai na tare masa hanya da yawan sa ido.

Na zata likitata za ta yi faɗa. Ta sa na nuna mata, ta yi shiru, sannan ta ce in gaishe mata da Inna. Ta ce akwai wata mai bincike, Gabriele Wulf, wadda tun ƙarshen shekarun 1990 ita da abokan aikinta suke nuna cewa mai koyon motsi yakan fi kamawa idan hankalinsa yana kan abin da motsin ke haifarwa a waje, ba a kan gaɓar da yake motsawa ba. Sharaɗinta kawai shi ne kwanon ya zama na roba, ruwan kaɗan, in kuma riƙa yi kusa da bango. Ita ma daga ranar ta canza harshe. Ta daina cewa in matse tsoka. Sai ta ce in ture ƙasa baya kamar ina tura tabarma, ko ta ce in saurari silifas ɗina. Da na saurara kuwa sai na ji: tas, ta-tas, tas, ta-tas. Ƙafa ɗaya doguwar ƙara, ɗaya gajeriya. Aikina ya koma in mayar da su kiɗa ɗaya. Ashe maigidana ya daɗe da sanin wannan kiɗan, ya ce tun daga soro yake gane ni ce ko da bai ji sallamata ba, bai dai faɗa ba ne don kada in ji ciwo.

Sai matsala ta gaba. A barandar asibiti mai sumul na zama gwana, amma ina shiga lungunmu komai sai ya rushe. Lungunmu ba sumul ba ne. Ga kwata a tsakiya, ga yashin wani mai gini, ga awaki, ga ɗan acaɓa da zai danno hon a bayanki. Da na ji hon sai kafaɗa ta koma gidan jiya. Malamin motsa jikin nan ya ba ni labarin wani masani ɗan Rasha, Nikolai Bernstein, wanda a shekarun 1920 a Mosko ya riƙa ɗaukar hoton masu dukan ƙarfe da guduma. Ya gano cewa ko gwani ba ya maimaita bugu biyu iri ɗaya sak, kafaɗa da gwiwar hannu suna ɗan sauya hanya kowane karo, amma gudumar tana sauka inda ake so. Na tuna maƙeran da muke wucewa muna yara, mutum yana duka yana hira yana tofar da goro, bai taɓa kuskuren wurin ba. Ashe ba taku ɗaya zan haddace ba. Warware matsalar zan koya, a kowace irin ƙasa.

Don haka muka fita daga sumul. Tafiya a kan katifa, a kan yashi, da takalmi, ba takalmi, da sauri, a hankali, da baya-baya, da jaka a hannu ɗaya. Tsallake kwata da ƙafar dama a gaba, abin da na yi wata goma ban yarda na yi ba, don a can ƙasan zuciyata ban daina ganin ƙafar kamar tulun da aka liƙe ba. Wannan tsoron shi ne ƙashin bayan ɗingishin, kuma ba a auna shi da tef. A matattakala da farko doka ita ce lafiyayya ta fara hawa, mai ciwo ta fara sauka. Daga baya likitata ta soke dokar ta ce in riƙa musanyawa kamar kowa, na tsaya a gindin benen asibitin nan kusan minti biyar ina kallon matakin farko.

Ta kuma fara sa ni magana ina tafiya. In karanto jadawalin bakwai daga sama zuwa ƙasa, in lissafo ƙananan hukumomin Kano, in ba ta labarin abin da na dafa jiya. Da na buɗe baki sai ɗingishi ya leƙo. Ta ce wannan shi ne gwajin gaskiya, don tafiyar da sai an yi shiru ake iya ta ba ta zama tawa ba tukuna. A aji ma na lura da haka. In ina cikin natsuwa lafiya lau, amma in wani yaro ya ɓata mini rai na nufo shi daga gaban allo, tsohuwar tafiyar ce take kawo ni.

Ba ta son in yi awa guda a jere in gaji, don gajiyayyen jiki tsohuwar hanya yake komawa, sai ya zama ɗingishin nake ƙara haddacewa. Gara kaɗan-kaɗan sau da yawa. Sai na ɗaura abin a kan salloli biyar: ina sallamewa, minti goma a tsakar gida. Na kuma ga wani abin mamaki da na sha gani a wurin masu hadda, abin da ya gagare ni bayan isha'i sai in tashi da asuba in same shi ya yi laushi. Barci ma ashe yana cikin karatun.

Maganar salla, ita ce ban gaya wa kowa yadda take ci mini rai ba. Ranar farko da ta auna gwiwata da wata 'yar ma'auni mai kama da ta cikin akwatin lissafin yara, digiri 95 take lanƙwashewa, zaman tahiya kuwa yana neman fiye da 140. Wata huɗu muna turawa kaɗan-kaɗan, da tawul, da matashi a tsakanin cinya da dunduniya, ana rage kaurinsa. Wata asuba na ture kujerar gefe na ce bari in gwada. Na sauka da hannu a kan gado, na kai goshina ƙasa. Warin dardumar nan na ji, ƙura da ɗan turaren wuta, wanda rabona da shi fiye da shekara. Na daɗe ban ɗago ba. Har yau zamana na tahiya bai cika daidai ba, ina ɗan zame ƙafar gefe, amma a ƙasa nake.

An samu koma-baya. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni mako guda, ina tashi kuma aka shiga bikin 'yar yayata, kwana uku ina tsaye kan tukwane. Ranar kai amarya a bidiyon biki na ga kaina ina wurga kafaɗa kamar ba a taɓa yin komai ba. Na kira likitata a waya murya na rawa. Ta ce tsohuwar tafiyar ba a goge ta, tana nan a ajiye, sabuwar ce dai ake so ta fi ta saurin fitowa, in huta in koma kan kwanona. Abin da ya ɗauke ni watanni a farko, cikin 'yan kwanaki ya dawo. Surukata ma a bikin ba ta ce komai ba, sai bayan sati biyu da na wuce ta gabanta ɗauke da tire ta ce wa maigidana, "Ashe dai ƙarfen ya zauna."

'Yar aji ukun nan kuwa ban bar ta ba. Tun ina tsakiyar koyo na sa aka kira mini ita ofis. Ta shigo jiki na ɓari, ta ɗauka asirinta ne ya tonu, kuma ya tonu ɗin. Na ce mata ba dukanta zan yi ba, aiki zan ba ta. Duk ranar Alhamis in an tashi tara za ta bi ni a baya daga ofis zuwa bakin get, sannan ta nuna mini yadda na yi. Ba ta da kunyar da manya suke da ita, ba ta cewa "ai da sauƙi" don ta faranta mini. Ta kama abubuwan da bidiyo ma bai kama ba, kamar yadda nake dunƙule hannun dama in na zo taka ƙafar. Mun yi haka kusan zango biyu. Wata Alhamis muka kai get, na juyo na ce to nuna mini. Ta yi taku uku, ta tsaya, ta sake gwadawa, ta sosa kai. Ta ce, "Malama, ba ya kwaikwayuwa. Tafiya ce kawai." Na ba ta kuɗin alawa. Tana fita na hango ta ta taga ta bi bayan hedimasta, ta turo ciki gaba.

Ƙarfen yana nan a cinyata, in hunturu ya shigo yakan tuna mini da kansa. Ciwon bayan ya tafi, gwiwar hagu ta yi shiru. Roba tana rataye a ƙusar bayan ƙofa, sau biyu a mako nake saukar da ita, in na yi sakaci kuma jiki yakan gaya mini. Kwanon ma ban jefar ba, sai dai na daɗe ban ɗora shi ba. Jiya na dawo daga kasuwar Rimi da yamma lis, leda a kowane hannu, ƙafafu sun yi nauyi, ina ta tunanin kuɗin makarantar yara. Ina shigowa tsakar gida autata ta ɗago daga wanke-wanke, ta kalli kafaɗata, ta ce, "Umma, ruwanki na zuba."